Shafin intanet ko manhajar waya: wanne za ka fara ginawa?

Mutum ya tara abin da zai ishe shi gina abu ɗaya tak, ko shafin intanet ko manhajar waya, sai ya zo yana tambayar wanne ya fi. Galibi tun kafin ya buɗe baki zuciyarsa ta karkata ga manhaja, domin akwai wani daɗi da mutum ke ji idan ya ga tambarinsa zaune a fuskar wayar jama'a kusa da na WhatsApp. Ni kuwa tambayar da nake fara mayar masa ita ce: wanda kake gina wa abin nan, sau nawa zai dawo wurinka a wata? Amsar wannan ce ke raba gardama, tun kafin a zo maganar launi da zane.

Shafi na baƙo ne, manhaja ta ɗan gida ce. Wanda ya faɗo shafinka yawanci daga binciken Google ya fito, ko wani ya turo masa linki. Bai san ka ba, bai yi maka alkawarin komai ba, kuma yatsansa na kan madannin komawa baya. Baƙo raɓa ne, a intanet kuwa raɓar ba ta ma jiran hantsi. Wanda ya sauke manhajarka shi ya riga ya sha wahala dominka: ya shiga Play Store ko App Store, ya kashe data, ya ba ka wuri a wayarsa, wataƙila sai da ya goge hotuna kafin ka samu wurin zama. Mutumin da ya yi wannan yana sa ran ka san shi, ka tuna inda ya tsaya jiya, kada kuma ka riƙa tambayarsa sunansa kullum kamar yau kuka fara haɗuwa.

Masu sana'ar suna da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. UI ita ce fuskar abin: madannai, launuka, rubutu, inda aka ajiye kowane abu. UX kuwa duk abin da mutum ya ɗanɗana ne tun daga jin labarinka har zuwa lokacin da ya gama buƙatarsa ko ya gaji ya tafi. Don Norman ne ya yaɗa wannan lafazi na biyu lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990. Ƙa'idojin da ake bi a fannin ma sun girmi wayar zamani. Jakob Nielsen ya fitar da shahararrun ƙa'idojinsa goma a 1994, shekara 13 kafin iPhone ta fito a 2007, kuma har yau suna aiki: nuna wa mutum abin da ke faruwa, yi masa magana da harshen da ya sani, bar masa ƙofar fita, hana kuskure tun kafin ya faru, kada ka ɗora masa haddar abin da za ka iya nuna masa. Ƙa'idojin ɗaya ne a shafi da manhaja. Nauyinsu ne ya bambanta, da kuma wahalar cika su.

Mu fara da yatsa. A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga wani abu ya danganta da nisan abin da girmansa. Linzamin kwamfuta yana da tsini kamar allura, yana iya kama ɗan ƙaramin rubutu ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Babban yatsa kuwa faffaɗa ne, kuma yana rufe abin da yake ƙoƙarin taɓawa. Shi ya sa Apple ke ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 44 a tsaye da 44 a kwance bisa ma'auninsa, Google kuma a tsarinsa na Material Design ya ce 48. Dokokin sauƙaƙa wa masu larura amfani da intanet na WCAG 2.2, waɗanda aka fitar a Oktoban 2023, sun sa mafi ƙaranci a fiksel 24, wato ɗigon allo 24, amma wannan iyakar ƙasa ce, ba abin da za a yi alfahari da shi ba ne. A 2013 Steven Hoober ya zagaya yana lura da yadda mutane ke riƙe waya a bainar jama'a, ya tara lura 1,333. A cikin waɗanda ya gani suna taɓa allo, kashi 49 cikin ɗari da hannu ɗaya suke aiki. Wayoyi sun ƙara tsawo tun daga lokacin, yatsu kuwa suna nan yadda suke, don haka kusurwar sama ta zama wurin da sai an yi miƙa kafin a kai.

A nan mai manhaja ya fi samun sauƙi, domin ya san da yatsa kawai za a zo masa. Mai shafi ne ke tsaka mai wuya. Shafi ɗaya ne zai karɓi mai ƙatuwar kwamfutar ofis da linzami, da mai ƙaramar waya a cikin mota tana girgiza, da wanda ba ya amfani da linzami sam sai madannan kwamfuta. Jerin zaɓin da ke zazzagowa idan linzami ya tsaya a kansa yana da kyau a kwamfuta, amma a waya babu wani abu wai shi tsayawa a kai: ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Maganin da Ethan Marcotte ya kawo a 2010 shi ne shafi mai miƙewa da tsukewa daidai da faɗin allo, kuma yau shi ne abin da kowa ke bi. Sai dai tsuke shafi daban, tsara shi don waya daban. Mai hankali daga ƙaramin allo yake farawa, domin ƙuncin wuri na tilasta masa ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Google ma sigar waya ta shafinka yake dubawa wajen jera sakamakon bincike.

Sai maganar hanya, wato yadda mutum ke sanin inda yake da yadda zai koma. Shafi yana da wata baiwa da ba a cika yaba mata ba: kowane ɗaki a cikinsa yana da adireshi. Za ka iya kwafe shi ka tura wa wani, ya buɗe ya sauka daidai inda kake. Burauza kuma, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ta ba ka madannin komawa baya kyauta, ta ba ka damar buɗe shafuka biyar a jere kana kwatanta su. Mai neman makaranta, ko mai auna inshora biyu, ko mai karanta dogon sharaɗi kafin ya sa hannu, duk wannan damar suke so. Manhaja ɗaki ɗaya take nuna maka a lokaci guda. Hakan alheri ne ga aiki mai matakai a jere, kamar tura kuɗi ko kiran mota, inda ba a son hankali ya rabu. Ga aikin kwatance kuwa azaba ce.

A manhaja mafi kyawun wurin ajiye manyan hanyoyi shi ne layin ƙasa, inda yatsa ke kaiwa ba wahala, kuma jagororin Google sun ce su kasance tsakanin uku zuwa biyar. Wannan iyaka horo ce mai amfani. Idan ka kasa taƙaita aikin manhajarka a ƙofofi biyar, wataƙila abin da ke hannunka shafi ne yake son ya sa rigar manhaja. Akwai kuma alamar nan mai layi uku a kwance da ake ɓoye jerin zaɓi a bayanta. Tsohuwa ce, tun zamanin kwamfutar Xerox Star ta 1981 take, Norm Cox ne ya zana ta. Ba ni da gaba da ita, amma na lura ta zama ɗakin ajiyar shirgi: duk abin da aka rasa inda za a sa shi sai a cusa can, alhali abin da ido bai gani ba hannu ba ya nema.

Ƙa'idar daidaito ma fuska biyu gare ta. Nielsen yana da wata magana da ta shahara, cewa mutane sun fi ɓata lokacinsu a shafukan wasu fiye da naka, don haka suna so naka ya yi aiki kamar waɗanda suka saba da su. A shafi ke nan da sauran shafukan duniya za ka daidaita: tambari a sama yana mayar da mutum farko, akwatin bincike a inda aka saba ganinsa. A manhaja da wayar kanta za ka daidaita, kuma wayoyin gida biyu ne masu ɗabi'u daban. Mai Android ya saba da komawa baya ta hanyar da wayar ta tanada, wadda ke aiki a kowace manhaja. Mai iPhone ya saba da kibiya a kusurwar sama ta hagu ko jan allo daga gefen hagu. Akwatin zaɓen kwanan wata, yadda ake tura abu ga wani, har siffar haruffa, duk sun bambanta. Wanda ya ce zai gina manhaja, a zahiri biyu ya ce. Kayan aiki irin su React Native, wanda Facebook ya saki a 2015, da Flutter na Google, wanda cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a Disamban 2018, suna rage aikin rubuta manhajar sau biyu. Ba sa rage aikin gwada ta sau biyu.

Inda bambancin ya fi zurfi a wurina shi ne jira. Akwai iyakoki uku da aka daɗe da sani a fannin, waɗanda Nielsen ya yaɗa a 1993. Idan abu ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum zai ji kamar nan take ne. Zuwa daƙiƙa ɗaya zai lura da jinkiri amma tunaninsa bai yanke ba. Bayan daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Google ya mayar da irin wannan tunani ma'auni ga shafuka: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kuma kada abubuwa su riƙa tsalle suna sauya wuri yayin da shafin ke buɗewa. Wannan na ƙarshen kowa ya san zafinsa. Ka kai yatsa za ka taɓa abu, talla ta faɗo daga sama ta ture shi, ka taɓa abin da ba ka yi niyya ba.

Shafi da manhaja duka suna karɓar harajin jira, lokacin karɓa ne ya bambanta. Shafi kaɗan-kaɗan yake karɓa a kowace ziyara. Manhaja dunƙule take karɓa a ranar farko, sannan ta sassauta, domin zanenta da madannanta suna cikin wayar, bayanai kaɗai take jawowa. Lissafin a bayyane yake. Wanda zai zo sau ɗaya a shekara don duba sakamako ko sabunta rajista, zalunci ne ka sa shi sauke manhaja. Wanda zai zo sau biyar a rana, zalunci ne ka sa shi buga adireshi da kalmar sirri kowane zuwa. Sannan akwai lokacin da sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Manhajar da aka gina da tunani tana barin ka rubuta saƙo, ka cike bayani, ka duba taswirar da ka ajiye, in sabis ya dawo ta aika da kanta. Ga ma'aikacin da ke tattara bayanai a wurin da babu sabis, wannan dalili kaɗai ya isa a zaɓi manhaja ba tare da dogon zance ba. Amma a lura, sauke manhaja ba ya nufin tana aiki ba intanet. Da yawa suna nuna farin allo da ƙaramar da'ira mai juyawa har abada, kamar dai shafin da aka guje wa.

Cike fam abu ne da ba wanda ke so a ko'ina, kuma maganinsa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu: rage tambayoyi, sa sunan kowane gurbi a samansa yadda ba zai ɓace ba idan an fara rubutu, fito da madannan lambobi idan lamba kake nema, nuna kuskure a daidai gurbin da ya faru da kalmomin da ke faɗin yadda za a gyara. Dogon fam mai shafuka da takardun da za a ɗora ya fi daɗi a kwamfuta. Manhaja ta fi ƙarfi wajen shiga da zanen yatsa ko fuska, da ɗaukar hoton takarda kai tsaye. Kuskuren da ya fi kashe manhaja shi ne katangar rajista a allon farko, kafin mutum ya ga ko ɗigon amfani.

Sanarwa ita ce babban abin da ke jan masu kasuwanci zuwa manhaja, kuma ita ce ke sa a goge ta. iPhone ta daɗe tana neman izinin mai waya kafin manhaja ta fara turo sanarwa, Android kuma ta bi sahu daga siga ta 13 a 2022. Izinin nan sau da yawa dama ɗaya ce. Idan ka nema a daƙiƙar farko, kafin mutum ya san me za ka riƙa gaya masa, zai ƙi, kuma da wuya ya je cikin saituna ya buɗe maka daga baya. Nemi izinin kyamara lokacin da ya taɓa alamar ɗaukar hoto. Nemi na sanarwa bayan ya yi odar da yake son sanin inda ta kwana. Shafukan da ke tarar baƙo da akwatin neman izini, da na rajistar wasiƙa, da na talla, duk kafin ya karanta layi ɗaya, laifi ɗaya suke yi da waccan manhajar.

Akwai wani ɓangare da masu zane ba su cika kawowa ba sai an shiga ciki, wato gyara. Idan ka gano madanni a shafinka yana rikita mutane, ka gyara da safe, kafin azahar kowa sabon yake gani. A manhaja sai ka miƙa sabuwar siga, rumbun manhajoji, wato Play Store ko App Store, ya duba ta, sannan ka zauna jiran mutane su sabunta. Wasu ba za su sabunta ba har shekara ta zagayo, kai kuma dole tsohuwar sigar ta ci gaba da aiki a hannunsu. Wanda bai gama fahimtar abin da jama'arsa ke so ba, shafi ne ke ba shi damar yin kuskure da araha. Ga kuma dokokin masu rumbun. Apple na ƙin karɓar manhajar da ba komai ba ce illa shafin intanet da aka naɗe, kuma rumbunan biyu suna cire kaso, galibi tsakanin 15 zuwa 30 cikin ɗari, daga cinikin kayan dijital da aka yi ta tsarin biyansu.

Masu larurar gani da na motsi suna buƙatar kulawa iri ɗaya a ko'ina. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kada launi kaɗai ya zama mai isar da saƙo, kowane hoto da madanni ya samu suna da manhajar karanta allo za ta furta, VoiceOver a iPhone, TalkBack a Android. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin abin dubawa. Ba kowane salon haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga kalma ta fito da harafi ɗaya baƙo a tsakiyarta, ko ɗan akwati fanko. Gwada salon da kalmomi masu lanƙwasa kafin ka zaɓe shi. Akwatin bincikenka kuma ya gane cewa wanda ya buga "kasa" mai yiwuwa "ƙasa" yake nema, tunda ba kowa ne ya sa madannan Hausa a wayarsa ba.

Tsakanin biyun akwai hanya ta uku, shafin da ake iya dasawa a fuskar waya ya riƙa buɗewa kamar manhaja, wanda ake kira PWA tun 2015. Yana iya ajiye wasu abubuwa don amfani ba intanet, yana turo sanarwa, kuma ba ya bin layin rumbu. A Android yana tafiya lafiya. A iPhone sai a Maris na 2023, da siga ta 16.4, aka bar shi ya turo sanarwa, kuma sai mutum ya dasa shi da hannunsa ta cikin jerin zaɓin turawa, hanyar da mutane da yawa ba su taɓa bi ba. Ga jarida, ko kanti, ko tsarin ajiye lokacin ganin likita, yakan wadatar. Ga abin da ke son bibiyar wuri yayin da waya ke aljihu, ko magana da agogon hannu da sauran na'urori, ko wasa mai nauyin zane, bai kai ba.

Hukuncina ke nan, kuma na san masu son manhaja ba za su ji daɗinsa ba: fara da shafi, sai idan za ka iya faɗin abu ɗaya takamaimai da manhaja za ta yi wanda shafi ba zai iya ba. "Don mu zama na zamani" ba amsa ba ce. "Direbobinmu suna aiki a inda babu sabis" amsa ce. "Mutane suna duba asusunsu kullum kuma suna son shiga da yatsa" amsa ce. Makaranta, asibiti, ƙungiya, kamfanin da ke son a same shi a bincike, mai sayar da abin da ake saya jefi-jefi, duk shafi ne gidansu. Saƙonni, taswira, banki, koyon da ake yi kullum na minti goma, lissafin motsa jiki, waɗannan na manhaja ne. Su ma ɗin suna buƙatar ɗan shafi, domin ta nan baƙo zai fara jin labarinsu.

Kowanne ka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Zana allunan a takarda ko a manhajar zane irin su Figma, ka samo mutum biyar daga cikin waɗanda kake gina wa, ka ba kowanne aiki ɗaya ya yi, ka kama bakinka kana kallo. Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gwaji ƙanana sau uku ya fi babba sau ɗaya. Yi gwajin a tsohuwar waya mai ƙaramin allo da sabis mai rauni, ba a sabuwar wayar mai zanen ba.

Idan daga baya ka kai ga mallakar duka biyun, kula da mahaɗarsu, don a nan aka fi zubar da mutane. Kada ka rufe fuskar shafinka da ƙaton allo mai cewa a sauke manhaja. Tun Janairun 2017 Google ya ce shafukan waya masu tare abin karantawa da irin wannan allo na iya sauka ƙasa a sakamakon bincike. Ɗan siririn layi a sama ya isa, kuma ya fi kyau a nuna shi ga wanda ya dawo karo na uku ko na huɗu. Asusu ya zama ɗaya, sunayen abubuwa su zama ɗaya, abin da mutum ya sa a kwando a shafi ya tarar da shi a manhaja. Linkin da aka turo masa kuma, in yana da manhajar, ya buɗe daidai kan kayan ko labarin da aka nufa. In ba shi da ita, ya buɗe a burauza ya karanta abinsa.